Kano zuwa Jidda: awa huɗu ce, ko shida, ko takwas da rabi?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar jirgi a taimaka mini. Mahaifinmu zai tafi Umara, shekarunsa 74, yana da ciwon suga, ana yi masa allurar insulin safe da dare. Tikitin da ejan ya kawo ya nuna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 11:30 na dare, sauka Jidda ƙarfe 8:00 na safe. Na ƙirga, awa takwas da rabi. A dawowa kuwa tashi daga Jidda 10:00 na safe, sauka Kano 2:30 na rana, awa huɗu da rabi ke nan. Na duba intanet na ga an ce nisan bai kai kilomita 3,500 ba, wai tafiyar awa huɗu ce da 'yan mintoci. Maƙwabcinmu da ya sauke farali a 2023 kuma ya rantse sun haura awa shida a sama. Wanne zan riƙe? Ko jirgin zai yada zango ne a wani gari ba a rubuta ba? So nake in san awa nawa Baba zai yi a zaune, don a tsara masa abinci da allura.

Injiniya Bompai ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai Baba lafiya. Duk lambobin da ka kawo suna da tushe, abin da kowacce ke aunawa ne ya bambanta.

Fara da agogo, don nan ne mutane suka fi ruɗewa. Lokacin da ake bugawa a tikiti na garin da ake ciki ne: na tashi da agogon Kano, na sauka da agogon Jidda. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, rani da damina, ba ya canzawa. Ƙarfe 8:00 na safe a Jidda ƙarfe 6:00 ne a Kano. Daga 11:30 na dare zuwa 6:00 na safe awa shida da rabi ce. A dawowa sai ka juya lissafin, ka ƙara biyun: huɗu da rabi da biyu, shida da rabi. Ka ga zuwa da dawowa duk ɗaya ne, kuma maƙwabcinku bai yi ƙarya ba.

Saura maganar intanet. Idan ka ja zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga filin jirgin Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, za ka sami kusan kilomita 3,420, wato mil na teku 1,850 a ma'aunin matuƙa. Zaren zai bi ta Jigawa da Yobe, ya gifta gefen Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya haye Kogin Nilu, ya faɗa Bahar Maliya, sai Jidda. Amma jirgi ba ya bin zare. A sama ma akwai layuka da mahaɗa da aka shata, ga kewayen da ake yi wajen tashi da wajen daidaita kai kan titin sauka. Ƙara kashi huɗu zuwa shida cikin ɗari, ka ce kilomita 3,600.

Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin Airbus A330 da Boeing 777 da tsohon 747, suna gudun kilomita 870 zuwa 910 a awa idan sun daidaita a sama, tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 39,000. Sai dai ba su kai wannan gudun a mintoci ashirin na farko da suke hawa, haka ma a rabin awar ƙarshe da suke gangarowa. Shi ya sa idan za ka yi lissafi a gida ka raba nisa da 850. Kilomita 3,600 a raba da 850, awa huɗu da kwata. Wannan ita ce lambar da shafukan intanet ke bayarwa, daga lokacin da taya ta bar ƙasa zuwa lokacin da ta taɓa ƙasa. Kamfani kuwa yana ƙirga tun daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda yake fake har ya tsaya cak a ɗaya ɓangaren. Tafiyar ƙasa a Kano gajeriya ce, a Jidda takan ja, filin babba ne kuma akwai layi. Shi ya sa a da tikitin wannan hanya ya saba nuna awa huɗu da rabi.

To ina awa biyun da ta ƙaru ta fito? Sudan. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma kusan rabin wancan zaren a kan Sudan yake. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a lokacin Khartoum ce ke kula da saman Sudan ta Kudu daga ƙafa 24,500 zuwa sama, sai rufewar ta shafe ta ita ma, kafin daga baya a buɗe wasu 'yan layuka na wucin gadi. Jiragen alhazan 2023 suka koma bi ta kudu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, gefen Yuganda da Kenya, Habasha, sannan su miƙe arewa kan Bahar Maliya. Auna wannan a taswira, ya haura kilomita 5,000, yana kusantar 5,300. Raba da 850, awa shida da kwata, ƙara tafiyar ƙasa, ga shida da rabinka ta fito. Tikitin Baba an tsara shi ne a kan hanyar kewaye.

Game da zango: ka sa ejan ya buɗe maka cikakken bayanin tafiyar, ka duba gurbin da ake rubuta adadin tsayawa. Kada ka tsaya a kan kalmar "kai tsaye". A al'adar kamfanoni, jirgin da ya riƙe lamba ɗaya daga farko har ƙarshe ana iya kiransa haka ko da zai sauka wani gari ya ɗebi fasinja ko ya sha mai. Amma a lissafin nan awa shida da rabi ta cike tsaf da kewayen, babu sararin da zango zai shiga, don sauka da sake tashi kaɗai yana cin awa guda ko fiye.

Abu Sumayya ya amsa:

Injiniya ya gama da lissafi, sai dai ban yarda da "zuwa da dawowa duk ɗaya ne" ba sai a takarda. A sama akwai iska, kuma gudun da jirgi ke yi a cikin iska yake yinsa, ba a kan ƙasa ba. Iska mai gudun kilomita 50 a awa idan ta biyo bayansa, 870 ya zama 920. Idan ta tare shi ta gaba ya koma 820. A kan kilomita 3,600 wannan bambancin kusan rabin awa ne tsakanin tafiya da dawowa.

Galibin abin da ake rubutawa a intanet cewa tafiya gabas ta fi sauri, don Turai da Amurka aka rubuta shi. Namu yankin yana da nasa hali. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar can sama takan taso daga yamma, musamman idan an matsa arewa wajen Masar da arewacin Bahar Maliya, sai mai zuwa Jidda ya ci riba, mai dawowa ya biya. Da tsakiyar damina, Yuli da Agusta, wata iska mai ƙarfi ke tasowa daga wajen Indiya ta ratso Habasha da Sudan da Chadi ta nufo yamma, a can saman da jirage ke bi da ma sama da haka. A lokacin mai zuwa gabas ne ke fama, mai dawowa Kano ya riga lokaci. Damina tana kuma kawo hadarin da ke tashi tsaye kamar hasumiya har ya wuce ƙafa 45,000. Matuƙi ba ya ratsa shi, kewaye shi yake yi da tazarar mil ashirin ko fiye, kuma hanyar kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya gidan irin wannan hadarin ce. Minti goma nan, sha biyar can.

Amma abin da ya fi ɓata wa mutanen Kano lissafi a ƙasa yake: hazo. Tashi ba ya buƙatar gani mai nisa sosai, sauka ce ke buƙata. Kowace hanyar sauka tana da ƙa'idar nisan ganin da in bai kai ba matuƙi ba shi da izinin sauko da jirgi, ko da na'urar da ke jagorantar sauka tana aiki. Ranar da ƙura ta taso daga Chadi ta lulluɓe gari har ba ka hango bene daga tsallaken titi, jirgin da zai ɗauki Baba shi ne ba zai iya sauka ba tun farko. Ko ya yi ta shawagi, ko ya karkata Abuja, kilomita 365 daga nan, ya jira. Saboda haka in tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ka nemi lambar jirgin da zai zo daga Jidda, ka bi shi a Flightradar24, shafin da ke nuna inda jirage suke a sama. In bai taso daga can ba, ka san 11:30 ba za ta yiwu ba.

Wani abu kuma da ke sa a ga ana tashi da dare: filin Kano yana kan tudu, kusan mita 475 sama da teku, babban titinsa mita 3,300. Da zafin Afrilu da Mayu, ma'auni ya haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike ma ba ya ɗagawa yadda ya kamata. Jirgin da zai kewaya Sudan kuma dole ya ƙara mai. A330 yana shan wajen tan biyar da rabi zuwa shida a awa, awa biyu ƙari ya haura tan goma sha ɗaya, banda man da doka ta wajabta na zuwa filin ko-ta-kwana da na shawagin minti talatin. Nauyin nan daga wani wuri zai fito. In ka ji an ce an bar wasu jakunkuna za su biyo jirgi na gaba, sau da yawa dalilin ke nan. Maganin Baba kada ya kuskura ya shiga babbar jaka.

Maman Walid ta amsa:

Ɗana, su Injiniya sun ba ka awannin sama, amma jikin dattijo ba daga kujerar jirgi yake fara ƙirga ba. Daga ƙofar gida yake farawa. Tashin 11:30 yana nufin ku isa fili wajen 7:30 zuwa 8:00, don ana rufe awon kaya awa guda kafin tashi, layin masu Umara kuma da tsawo yake. Ku bar gida 7:00. A sauka 8:00 agogon Jidda, jami'an shige da fice da ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya awa ɗaya zuwa biyu, ya danganta da jirage nawa suka sauka tare. Daga filin zuwa Makka ya kusa kilomita 100, awa ɗaya da rabi a mota. Zai shiga masauki wajen 11:30 na safe a can, 9:30 a agogonmu. Awa goma sha huɗu da rabi ke nan in komai ya tafi daidai, kuma yana cikin harami, Umarar na gabansa. Wannan lambar za ka kai wa likitansa, ba shida da rabi ba.

Ka je da tikitin hannunka wajen likitan ya rubuta lokutan allura da adadinta. Abin da ya fi sauƙi, Baba ya bar agogon hannunsa a lokacin Kano har sai ya isa masauki, don kada a ruɗe a yi allura biyu kusa da juna. Kada a yi allurar cin abinci sai tiren yana gabansa. A jirgin dare ana iya raba abinci awa ɗaya bayan tashi, ana iya jinkirtawa in jirgi na girgiza aka zaunar da ma'aikata, kuma mai insulin a jiki ba ya jira. A aljihunsa a sa dabino da alewa da biskit, ba a jakar da ke sama ba, a aljihu. Insulin da na'urar gwaji da allurai duk a jakar hannu, ninki biyu na abin da zai buƙata, tare da takardar likita da Turanci. Dokar da ta taƙaita ruwan da ake shiga jirgi da shi zuwa mililita 100 ba ta hana magani, nuna shi kawai za a yi. A ɗakin kaya na ƙasan jirgi sanyi na iya daskarar da insulin, wanda ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye.

Ka sa ejan ya nema masa keken turawa tun yanzu, aƙalla awa 48 kafin tafiya, kuma ka duba haruffan da ya shigar na irin taimakon da ake nema. WCHR na wanda zai iya hawa matakala ne amma ba ya iya doguwar tafiya. WCHS na wanda ba ya iya matakala. Ba kullum ake jingina jirgi da gadar shiga ba, wani lokaci bas ce da matakala mai tsayi, in an rubuta na farko alhali na biyu yake buƙata, a gindin jirgi za a gane. Kujera kuma ta bakin hanya, kusa da banɗaki. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, ya riƙa shan ruwa, ya miƙe ya taka duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu saboda jini kada ya daskare a ƙafa. Dattawanmu sukan ƙi shan ruwa don gudun tashi, a gaya masa kada ya yi.

Malam Na-Fagge ya amsa:

Allah ya saka wa Hajiya. Akwai abu biyu da lokutan tikitin nan suka haifar. Na farko Asuba. Rana tana fitowa a Jidda tsakanin kusan 5:40 da 7:05 gwargwadon watan da ake ciki, jirgin kuma 8:00 zai sauka. Ke nan a sama za a yi sallar, kuma da yake gabas ake tafiya alfijir zai riske su tun agogon Kano yana wajen 3:00 na dare. A taga za a duba, ba a agogo ba. A tsohuwar hanya hancin jirgi kusan alƙibla yake kallo, don daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68, gabas da ɗan karkata arewa. A hanyar kudu ba haka ba ne, da farko tana hagu, sai an juya arewa daga Habasha take dawowa gaba. Allon da ke bayan kujera a yawancin jiragen yana nuna ta.

Na biyu mikati. Wanda ya taso ta kudu kan Bahar Maliya zai yi daura da Yalamlam kafin Jidda, ana sanarwa wajen minti ashirin zuwa talatin kafin sauka. Jirgi yana cin fiye da kilomita goma a minti ɗaya, banɗakuna kaɗan ne, mutum ɗari uku ba za su canza kaya a wannan taƙin ba. Baba ya yi wanka a gida, ya ɗaura zanen ƙasa tun a filin Kano, ya ɗora riga saboda sanyin jirgi, mayafin yana jakar hannu. In an sanar sai ya cire rigar da hula ya yi niyya. Kowace tafiya sai an sami wanda haraminsa ke cikin jakar da aka auna.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ejan ya ce akwai mai sauƙin kuɗi ta Alƙahira ko ta Adis Ababa, akwai kuma wanda zai sauka Madina. Tunda ko ta yaya kewaye ake yi, ba gara a raba wa Baba tafiyar biyu ya huta a tsakiya ba?

Injiniya Bompai ya amsa:

A nisa kusan canjaras ne, gaskiyarka. Kano zuwa Alƙahira kilomita 3,100 a miƙe, Alƙahira zuwa Jidda wajen 1,200, awa biyu. Kano zuwa Adis Ababa 3,325, daga can zuwa Jidda 1,410, awa biyu da rabi. Amma waɗannan ma na zare ne, na Alƙahira yana ratsa Libiya, na Adis yana ratsa Sudan, don haka lokacin tikiti za ka kama ka cire bambancin agogo. Habasha tana gabanmu da awa biyu kamar Saudiyya. Masar awa ɗaya ce da sanyi, biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, tun da suka dawo da agogon bazara a 2023.

Abin da ake kira hutu a tsakiya kuwa, ga mai shekara 74 ba hutu ba ne. Sauka ce, da doguwar tafiya a cikin fili, da sake cire takalmi da bel a wajen bincike, da zaman kujerar ƙarfe awa uku ko shida, da sake hawa. In zangon bai kai awa biyu ba kuma hazon Kano ya jinkirta tashi, jirgi na biyu ya tafi ya bar shi. Ni a ganina zama ɗaya na awa shida da rabi ya fi masa.

Madina ce ta cancanci a duba. Nisanta daga Kano kilomita 3,560 a zare, a hanyar kudu kuma sai an wuce Jidda, ƙarin wajen minti ashirin da biyar zuwa rabin awa. A madadin haka filinta bai kai na Jidda cunkoso ba, daga shi zuwa Masallacin Annabi bai fi kilomita ashirin ba, kuma babu ɗaura harami a jirgi. Ya yi kwanakinsa ya warware gajiya, suga ya daidaita da sabon agogo, sannan ya ɗauki harami a Zul Hulaifa ya nufi Makka. Kilomita 450 ne, jirgin ƙasan Haramain yana cinye su a ƙasa da awa biyu da rabi, bas kuwa awa biyar zuwa shida. Ka tambayi ejan ko na Madinan lamba ɗaya ce ba tsayawa, ko sai an canza jirgi a Jidda, don in na biyun ne a Jidda za a yi shige da fice, kuma ka tabbatar da bakinsa ko sai an karɓi kaya an sake aunawa kafin jirgin cikin gida.